Gwaggo Dije da Langar Gidan Malam Ilu

Duk wanda ya taɓa zama da Gwaggo Dije ya san maganar nan tata: "Bari ya ƙarasa." Ko yaro ne yake sharara ƙarya ƙiri-ƙiri, ko mai tallar magani ne yake rantsuwa ƙullinsa ɗaya yana maganin basir da ciwon haƙori da baƙin jini, da ka buɗe baki za ka katse shi sai ka ji kan sandarta a gwiwarka. "Bari ya ƙarasa." Kai, ko rediyo ba a kashewa a gaban Gwaggo ana tsakiyar magana! Na sha ganin tuwo yana kamawa a tukunya, ita kuwa tana tsaye da muciya a hannu tana jiran mai labarai ya kai aya, wai rashin kunya ne mutum yana magana ka ba shi baya.

In ce, "Gwaggo, ai ba ya ganinki."

Ta ce, "To ni ba ina jin sa ba?"

Ga waɗanda daga nesa kawai suka san ta: Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun da mijinta ya rasu ta dawo ɗakin baya na gidanmu a Unguwar Rimi. Duniya tana ce wa Baba Alhaji Sa'idu, a ofis ana miƙe masa tsaye, amma a bakin Gwaggo shi Auta ne, ko da furfurarsa, ko a gaban baƙi. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ni ce Uwata. "Uwata mai kallon gajimare," in ji ta, don ta sha kama ni a gindin mangwaro da littafi a cinya, idona yana sama, shinkafar da aka ba ni tsinta kaji suna ta walima a kai.

Labaran Gwaggo ba sa ƙarewa, kowannenku yana da nasa. Nawa shi ne na bana, shekarar zaɓe, lokacin da siyasa ta kusa raba gidanmu da gidan Malam Ilu, Gwaggo ta ce ba dai tana numfashi ba.

Malam Ilu malamin allo ne, gidansa na ƙasa yana kallon ƙofar gidanmu ta baya, lungu ne kawai a tsakani da bishiyar darbejiya. Shi ya raɗa mini suna, a gabansa na yi sauka. Tun Baba yana ƙaramin akawu mai keke ake ciyayya tsakanin gidajen nan biyu: kullum kafin magariba langarmu ta tsallaka lungu da tuwon shinkafa, langar Inna Hauwa matar Malam ta tsallako da tuwon dawa da miyar kuka. Miyar kukar nan kuwa, Umma ta yi haƙuri, Baba ya fi son ta a kan duk abin da ake dafawa a gidanmu. In azumi ya zo, a gindin darbejiyar ake shimfiɗa tabarma, Baba da Malam su sha ruwa tare, sannan Malam ya ja salla. Ni dai na buɗe ido na ga haka, ban taɓa zaton abu ne mai iya tsayawa ba, kamar dai fitowar rana.

Sai sojoji suka ce za su koma bariki, aka buɗe fagen siyasa. Baba ya ajiye aikinsa na ma'aikata ya tsaya takarar majalisar jiha. Aka kuma ce mu mata ma za mu jefa ƙuri'a a babban zaɓe. Ranar da Gwaggo ta ji haka ta ajiye carbinta ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Wato yanzu ni Dije ake tambaya wa zai riƙe ƙasa?"

Na ce, "Ke ake tambaya, Gwaggo."

"To madalla. Tunda an tambaye ni, sai na ji ta bakin kowa."

Muka ɗauka wasa take yi. Ina! Babu taron jam'iyyar da aka yi a wannan gefen kogi da Gwaggo ba ta je ba, in dai ƙafa ko mota za ta kai. Da ta ji lasifika ta wuce ana shelar taro sai ta ƙwala mini kira, "Uwata, sauko daga gajimare ki ɗauko kujera!" Ni ce mai ɗaukar kujerarta 'yar tsugunno duk lokacin da nake gida hutun makaranta. Har Katabu muka taɓa zuwa a bayan motar itace, don ta ji an ce akwai wani ɗan takara a can da ba ta ji ta bakinsa ba.

Na Kurmin Mashi ne ba zan manta ba. Taron jam'iyyar da ke adawa da Baba ne. Gwaggo ta ratsa maza ta dasa kujerarta a gaba, ta ɗora haɓa a kan sanda. Wani matashi mai zaƙin baki ya hau tebur ya kama Baba da suka, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ni kunya ta kama ni, na ja mayafi na rufe fuska. Ashe Sule, direban Baba kuma babban ɗan kamfe ɗinsa, ya laɓe a cikin taron da mutanensa. Sule ya ɗaga murya, "Ƙarya ne! A sauko da shi!" Bai rufe baki ba sai ga sandar Gwaggo a ƙaurinsa.

"Sule, bari ya ƙarasa."

"Gwaggo, Alhaji fa yake zagi!"

"Na ji. Ƙanena ne ko naka?"

Sule ya haɗiye sauran maganarsa. Matashin ya ci gaba, amma duk ya rikice, yana magana yana satar kallon tsohuwar da ta tsare masa fage. Da ya kai ƙarshe Gwaggo ta dogara sanda ta miƙe.

"Ɗan nan, ka ƙarasa?"

"Na ƙarasa, Iya."

"To. Ka ce Sa'idu ya ci kuɗin gwamnati. Ƙarya kake yi, ka nemi gafarar Allah. Ni na goya shi, ko ƙosai bai taɓa ɗauka ba sai an miƙa masa. Ka kuma ce yana da girman kai, ba ya gaida mutane sai daga cikin mota. Wannan kam ka taɓo gaskiya, tun yana goye haka yake."

Wuri ya kaure da dariya, har da mai tebur. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Baba ya tare mu a tsakar gida, hula a hannu.

"Yaya, kin kashe ni a Kurmin Mashi!"

"Na wanke ka daga sata a gaban jama'a, Auta. Halinka kuma kai za ka wanke abinka."

Ga kuma maganar hotuna. Kun san Gwaggo ba ta yar da komai, ko zaren buhu sai ta nannaɗe ta adana. Duk taron da muka je sai ta karɓo hoton ɗan takara, manya-manyan nan da ake mannawa a bango, ta ce ta gode. Masu rabawa suna murna sun samu tsohuwa. Da bazara ta yi zafi sai ga amfaninsu ya fito: a kansu take shanya. Wata rana Baba ya shigo da baƙi daga jam'iyya, sai ga fuskarsa a shimfiɗe a tsakar gida, an baza mata barkono, hancinsa kawai ke leƙowa.

"Yaya! Mene ne haka?"

"Takardarka ta fi ta kowa kauri, shi ya sa na ba ka barkono. Kada ka damu, ina yin adalci. Dubi can, abokin takararka daddawa yake ɗauke da ita tun safe."

Duk wannan dariya ce. Abin da ba dariya ba ya zo ne da farkon damina. Wata la'asar Malam Ilu ya yi sallama da Baba, suka zauna a zaure, ni na kai musu ruwa. Ban kai ga fita ba na ji Malam ya gyara murya.

"Alhaji, na zo in faɗa maka da bakina, kada ka tsinta a gari. Ba zan zaɓe ka ba."

Baba ya ajiye kofi. "Malam, ni? Ni da kai?"

"Kai mutumin kirki ne, ko a gaban wa zan faɗa. Amma jam'iyyarka ta masu gidajen siminti ce. Ran da za a zo fitar da titi a bi ta kan irin gidajenmu, kai kaɗai ba za ka iya tare su ba, ko ka so."

"Ai wanda ya san ofis shi ke iya tare ofis, Malam! Wanda kuke bi ɗin, ko ƙofar ma'aikata ya sani? In ba don..."

Malam ya ɗaga hannu zai ƙara bayani, Baba ya danne shi da murya. Sai daga bayan labule, inda ashe ta daɗe a tsaye, muka ji, "Auta."

Baba ya saurara, Malam ya ƙarasa. Ya yi maganarsa a natse, ya yi addu'a, ya tafi. Ni har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kowanne na saurara sai in ji kamar shi ne. Amma Baba abin ya soke shi. Washegari kuma sai ga hoton abokin takararsa manne a bangon zauren Malam, yana kallon ƙofarmu yana murmushi. Aka ce samarin jam'iyyar ne suka manna, Malam bai sa ba, bai kuma cire ba.

Da yamma Umma ta zuba tuwo a langa kamar kullum, Baba ya ce, "A mayar. Daga yau babu kwanon da zai sake tsallaka lungun nan."

Umma ta dube shi, ta dubi langa, ta mayar. Gwaggo ta miƙe. Ta shiga ɗakinta ta fito da 'yar tukunyarta ta ƙasa da ba a ɗora ba tun zuwanta gidan, ta haɗa duwatsu a ƙofar ɗaki, ta tuƙa tuwonta. Ta ɗauko tsohuwar langarta mai hoton furanni da duk ta ɓare a gefe, ta zuba.

"Yaya, na ce babu kwanon gidan nan da..."

"Wannan da shi aka kai ni ɗakin miji, kana tsirara kana bin mota da kuka. Ba na gidanka ba ne. Uwata, riƙe mini sanda."

Muka tsallaka. Abin mamaki, a can ma ƙofa a rufe take. Inna Hauwa ta tare mu tana murza hannu, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Malam ya ce kada a karɓa sai bayan zaɓe. Wai mutane suna cewa da tuwon shinkafa Alhaji zai saye shi."

Gwaggo ta juya ta nufi zauren Malam, yana zaune a kan buzu yana duba littafi.

"Malam, tun kafin a haifi yarinyar nan kake cin tuwon gidanmu. A cikin shekarun nan, an saye ka?"

"Ba a saye ni ba, Yaya."

"To bana ne farashinka ya faɗi?"

Malam ya yi dariya har da tari, amma bai sauka daga maganarsa ba. Shi ma ai kun san shi, in ya kafe sai Allah. Ya ce zargi abin gudu ne, a bari ƙura ta lafa. Gwaggo ta ce to, ita ba 'yar takara ba ce, ba kuma limamiya ba, babu mai zarginta. Ta koma ciki ta zauna a ƙofar madafin Inna Hauwa, ta buɗe langa, suka ci tare. Da za mu taho ta sa aka cika mata langar da tuwon dawa da miyar kuka, wai na karin kumallonta.

Haka aka yi ta yi kullum, ko ana ruwa. Kuma don neman magana, ba ta cin miyar kukar nan sai a barandar Baba, daidai lokacin da yake duba jarida. Ƙamshin daddawa da man shanu ya cika wuri. Baba ya juya shafi, ya sake juyawa, ya kasa.

"Yaya, wannan miyar ta ina ce?"

"Ta 'yan adawa ce. Ba ta halatta gare ka ba."

Muna dariya a ɓoye, amma abin yana ci gaba da lalacewa. Baba ya daina salla a bayan Malam, sai ya shiga mota ya tafi wani masallaci. In sun haɗu a lungu sai ɗaga hannu daga nesa, kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a tasha. Wata rana ina yi wa Gwaggo kitso, na ji ta yi shiru irin wanda ba nata ba. Na ce, "Gwaggo, ki bar su mana, in an gama zaɓe za su shirya."

Ta ce, "Haka muka ce a garinmu, a waccan siyasar ta kafin soja. Kawunmu Mamman da amininsa, tare aka yi musu kaciya, jam'iyya ta raba su. Kowa ya ce a bari a gama zaɓe. Aka gama, wannan yana jiran wancan ya fara gaisuwa, wancan yana jiran wannan. Ran da Kawu ya rasu, amininsa yana zaune a ƙofar gida aka wuce da makara, ya kasa tashi don kunya. Na gan shi da idona yana kuka kamar yaro. Ba zan sake ganin irin wannan ba, Uwata. Ja kitson nan da kyau, ba gajimare kike taɓawa ba."

Zaɓen bana kun tuna yadda aka yi shi, Asabar bayan Asabar. Da ta Baba ta zo, gari ya waye da yayyafi. Baba ya ɗauko hayar a-kori-kura don kai tsofaffi rumfar zaɓe, Sule ne a kan sitiyari, yana tambayar duk mai hawa, "Ina kika dosa? Alhaji ko?" Gwaggo ta fito da lulluɓinta na zuwa biki, ta buɗe gaba ta zauna.

"Sule, zagaya ta lungu."

"Gwaggo, can ai babu namu."

"Akwai masu ciwon gwiwa. Zagaya."

Ya zagaya yana ƙunƙuni. Gwaggo ta sa aka ɗora Inna Hauwa da duk tsofaffin matan layin Malam, har da wata makauniya da kowa ya san jikanta ne ya manna hoton nan. Sule ya kifa kai a sitiyari.

"Wallahi Gwaggo, da fetur ɗin Alhaji muke kai masa ƙuri'un kayar da shi!"

"In ya ci, ai su ma zai wakilta. Gara ya fara ɗaukarsu tun yanzu, ya ji nauyinsu. Tuƙa."

Layin mata ya yi tsawo ran nan, lema a kan lema, masu goyo da masu sanda. Na tsaya a bayan Gwaggo ina kallon ruwa yana ɗiga daga gefen mayafai. Ga matan manyan ma'aikata da takalma masu tsini, ga masu tallar goro ba takalmi, kowacce takarda ɗaya za a miƙa mata, babu mai biyu.

A sauran Asabar ɗin Gwaggo ba ta daɗe a bayan labulen rumfar zaɓe ba. Ran nan kuwa ta shiga ta yi zamanta. Layi ya tsaya. Aka fara tsaki. Malamin zaɓe ya matso ya ce, "Iya, lafiya? Ko a taimaka miki ne?"

Daga ciki muka ji, "Kai ɗan nan, tun da aka haife ni ba a taɓa tambayata ba, bana an tambaye ni kuma za a hanzarta ni? Auta nake aunawa!"

Ta fito da tawada a babban yatsa, ta jefa takardarta a akwati da bisimilla. A hanya na raɗa mata, "Gwaggo, ya ya awon ya fito?"

"Ni na tambaye ki naki?"

"A'a."

"To kada ki faɗa mini, kada ki faɗa wa ubanki, in kin yi aure kada ki faɗa wa mijinki. Labulen nan ba don ado aka rataya shi ba."

Don jin wanda ta zaɓa, Baba ya yi lallashi, ya yi fushi, ya aiko Umma, ya haɗa ta da girman zumunci. Har ta koma ga Allah babu wanda ya san inda yatsan nan ya sauka.

Sakamako ya fito, Baba bai ci ba. Gidanmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa. 'Yan kamfe suka watse, sai Sule kaɗai, Allah ya saka masa, yana ta wanke motar da ba ta yi datti ba. Baba ya zauna a baranda da jallabiya, ya rame a 'yan kwanakin nan, tausayinsa ya kama ni. Sai ya fara magana, ba da kowa ba.

"Jahilai. An saye su da gishiri da sabulu. Mutanen da ba su san hagunsu daga damansu ba, su aka ba wa zaɓi. Ƙasar nan ba ta isa zaɓe ba tukuna."

Gwaggo tana gefe tana gyaran zogale. Ta bar shi ya kai aya, kamar yadda ta saba.

"Waɗanda suka zaɓe ka fa, Auta, su malamai ne?"

Baba ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Layi ɗaya muka bi, ruwa ɗaya ya dake mu. Da ka ci, da yanzu kana nan kana cewa talakawa sun waye. Hauwa da ta yi shekara da shekaru tana ciyar da kai, nawa aka saye ta? Malam da ya tako har zaurenka ya faɗa maka gaskiya ido da ido, shi ne bai san damansa ba? Ka roƙi mutane abu, suka duba, suka ce a'a. Ba su zage ka ba. In ka zage su, gobe da wane baki za ka sake roƙonsu?"

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Ban san ko maganar ta shige shi ba, don bai nuna ba.

Ba a jima ba aka ga watan azumi. Duk gidan kowa yana tunanin abu ɗaya, babu mai furtawa: tabarmar gindin darbejiya. Da la'asar sakaliya ta ranar farko na ga Baba ya sa babbar riga ya ɗauki makullin mota, wato a wancan masallacin zai sha ruwa. Na leƙa lungu, ƙofar Malam shiru, ba a fito da ko buta ba. Zuciyata ta karye. Na tuna Kawu Mamman da ban taɓa gani ba.

Sai Gwaggo ta ce, "Uwata, ɗauko babbar tabarma."

Na shimfiɗa a inda aka saba. Ta sa na jera kunun tsamiya da ƙosai da dabino. Sannan, jama'a, tsohuwar nan ta tuɓe takalmi ta zauna daram a tsakiyar tabarmar maza, a bakin hanya, masu wucewa suna kallo! Baba ya fito zai shiga mota ya yi turus.

"Yaya, me kike yi a nan?"

"Je ka abinka, Auta, kada ka makara. Ni dai ba zan buɗe baki ba sai na ga kai da Malam a kan tabarmar nan. In gobe ne, gobe. In bayan salla ne, Allah ya kai mu."

Ta aike ni na faɗa wa Inna Hauwa haka, kalma da kalma. Na dawo na tsaya a jikin bishiya. Hadari ya taru a gabas, rana tana nutsewa ta bayan rufin kwano, sararin sama ya yi ja kamar an zuba masa manja. Baba yana tsaye da makulli a hannu, bai shiga mota ba, bai dawo ba. Gwaggo kuwa kun san jikinta a lokacin, ƙafa a kumbure, leɓe a bushe, ta wuni ba ta sa komai a ciki ba.

Ladan ya kira salla.

Babu wanda ya motsa. Gwaggo ta sunkuyar da kai cikin mayafi tana jan carbi. Sai ga Malam Ilu ya fito da sauri, rawani a karkace, dabino ɗaya a hannunsa da bai kai baki ba.

"Subhanallahi, Yaya! Wannan ba daidai ba ne. Gaggauta buɗa baki sunna ce!"

Gwaggo ta ɗago. "Na sani, Malam, a bakinka na ji. To ku gaggauta."

Malam ya dubi Baba. Baba ya dubi ƙasa. Can sai Malam ya girgiza kai, ya ce, "La haula wala ƙuwwata," ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarma. Baba ya ɗan jima, sannan ya jefa makulli a aljihu, ya tattare babbar riga ya zauna a ɗaya bakin. Malam ya miƙa masa dabinon da ke hannunsa.

"Bisimilla, Alhaji."

Baba ya karɓa. Ya ɗauki wani daga faranti ya miƙa wa Malam.

"To, alhamdu lillahi," in ji Gwaggo. "Uwata, tashe ni, wurin maza ne nan."

Na kama ta muka shiga zaure, ina sauri in kawo mata ruwa kada ta faɗi. Sai na ga ta kai hannu baki ta tofo wani abu a tafi. Ƙwallon dabino!

"Gwaggo!"

"Rufe mini baki. Tun ladan yana Allahu Akbar na farko na jefa shi ta ƙarƙashin mayafi. Ke kin ga zan saɓa wa sunna saboda 'yan siyasa?"

"Amma kin ce..."

"Na ce. Me kike tsammani nake ja a carbin? Istigfari ne."

Ran nan Baba ya bi Malam salla. Da suka dawo tabarma, langar Inna Hauwa ta riga su isa. Ni da Gwaggo muka laɓe a zaure muna saurare, ba kunya. Sannan Baba ya yi gyaran murya.

"Malam, na faɗi wasu maganganu a kan mutanen unguwa da bai kamata ba."

"Ni ma mayar da kwanon maƙwabci ba tarbiyyar da aka yi mini ba ce. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Malam ya jawo langa. "Amma Alhaji, kada kunu ya ruɗe ka. Asabar mai zuwa ma ba ɗan takararku na gwamna zan zaɓa ba."

"Ai na sani. Kuskure za ka sake yi, kuma zan faɗa maka dalili. Miƙo mini miyar nan tukuna."

Suka kama musu. Har aka kira isha suna yi, wannan ya kawo hujja wancan ya ture, langa tana ta zagayawa a tsakaninsu har aka suɗe ta. Gwaggo ta saurara iya son ranta, ta share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta babu a zauren.

Bayan babbar salla Gwaggo ta kwanta, ciwon bai ja ba. Malam Ilu ne ya yi mata salla. Aka ce da aka je maƙabarta, shi da Baba ne suka shiga kabari suka karɓe ta, Malam da tsufansa, aka yi aka yi ya bari wani ya shiga ya ƙi. Da aka dawo zaman makoki na leƙa ta taga, na ga mutanen da suka yi wata da watanni ba sa ga-maciji sun haɗa gwiwa a lungunmu, har da matashin nan na Kurmin Mashi, ya zo ya durƙusa a gaban Baba ya yi masa ta'aziyya.

Gwaggo, gidan ya yi mana faɗi. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki shi kamar inuwar bayan ruwan sama. Yadda kika tsare haƙƙin maƙwabtaka a duniya, Allah ya ba ki maƙwabta nagari a Aljanna. Mu da muka rage, masu ra'ayi iri-iri a lungu ɗaya, Allah ya bar mu tare. Amin.